Kun cika mu da labarin saurayi, kun bar aikin waƙar

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, na rubuto ne a kan shirin kiɗan ƙasashen waje na daren Asabar ɗin da ta wuce, kuma ba zan ɓoye maka ba, raina ya ɓaci. An yi mana alkawarin fashin baƙi a kan waƙar "Someone Like You" ta mawaƙiyar Birtaniya Adele, sai mai gabatarwa da baƙonsa suka cinye fiye da rabin lokacin suna lissafin wane ne saurayin da aka yi waƙar a kansa, shekarunsa nawa, wa ya aura. Mutumin da ita kanta mai waƙar ba ta kama sunansa a bainar jama'a ba. Da suka waiwayo kan waƙar kuma, iyakar abin da baƙon ya iya faɗi shi ne wai babu wani aiki a cikinta, yarinya ce saurayi ya guje ta, ta zauna gaban fiyano ta yi kuka, aka naɗa, duniya ta saya. Mai gabatarwa ya ce masa haka ne. Haba!

Tun a nan aka fara tafka kuskure, domin ba Adele ce ke kaɗa fiyanon da ake ji a faifan ba. Dan Wilson ne, Ba'amurke, jagoran ƙungiyar Semisonic, wanda tun a 2007 ya karɓi kyautar Grammy ta waƙar shekara saboda waƙar da ya rubuta tare da ƙungiyar mawaƙa ta Dixie Chicks. Furodusa Rick Rubin ne ya haɗa shi da Adele. Suka shiga wani ɗan ƙaramin situdiyo mai suna Harmony a West Hollywood cikin 2010, suka yi kwana biyu suna aiki. Abin da ta zo da shi farkon baitin farko ne da karinsa, kuma a kan gita ta fara nuna masa. Sai da ya mayar da shi kan fiyano waƙar ta sami fuskar da muka sani. Ranar farko ta ƙare ba a gama rubuta baiti na biyu ba. A rana ta biyu muryarta ta ɗan yi kaushi, Wilson ya ji cewa kaushin nan ya fi dacewa da ƙarshen waƙar, aka sake ɗaukar amshin ƙarshe da wannan muryar. Wani furodusan cewa zai yi ta je ta huta, a dawo idan murya ta washe. Ko sau ɗaya ba a ambaci sunan Wilson a shirin ba, balle injiniya Philip Allen da ya ɗauki sautin, ko Tom Elmhirst da ya tace shi ya daidaita.

Abin da suka ɗauka ɗin ma na gwaji ne, irin wanda ake ajiyewa don a tuna waƙa, da niyyar a sake ta daga baya da cikakkun makaɗa. A ƙarshe aka bar na gwajin, aka sa shi na goma sha ɗaya, wato na ƙarshe, a kundinta mai suna 21 da ya fito a Ingila ranar 24 ga Janairun 2011. Duk wanda ya san situdiyo ya san wannan ita ce shawarar da ta fi wuyar yankewa. Hannu yana ƙaiƙayi a ƙara bayolin, a sa ganga ta shigo a amshi na biyu, a cika bayan da muryoyi, saboda tsoron kada gidajen rediyo su ce waƙar tsirara take. A shekarar da kiɗan rawa na kwamfuta ya mamaye jadawalin waƙoƙi, aka fitar da abu mai kusan minti biyar ba ganga ko ɗaya.

Tunda baƙonku ya ce babu aiki, bari in nuna masa inda aikin yake. Waƙar a maɓallin A babba take, tana tafiya a kan bugu kusan 67 a minti. Hannun dama na mai fiyano yana warware kowane gamin sauti ɗaya bayan ɗaya, sauti 16 a kowane awo mai bugu huɗu, wato wajen sauti huɗu da rabi a daƙiƙa guda, kuma haka yake yi kusan daga farko har ƙarshe. Wannan gudun da ba ya tsayawa shi ne ya maye gurbin ganga. In da mai kiɗan zai danna sautukan tare ya tsaya yana jira, da waƙar ta mutu kafin a kai minti ɗaya, domin bugu 67 tafiya ce mai nauyi ƙwarai. A baiti, hannun hagu yana sauka ne daga A zuwa G# zuwa F# sannan ya faɗa D, kunne kuma yana bin wannan saukar ko mai sauraro bai san sunanta ba. Awo huɗu na buɗewa, kamar daƙiƙa goma sha huɗu, sannan murya ta shigo can ƙasa, kusan magana take yi.

Dabarar da ta fi burge ni tana ɗan sashen da ke tsakanin baiti da amshi. A nan kalmomi suna ƙaruwa, suna cunkushewa kamar mai sauri ya faɗi uzurinsa kafin a rufe masa ƙofa, fiyano kuma yana zagaye tsakanin E da F# ƙarami da D, ya ƙi komawa A, wanda shi ne gidan waƙar. Ana riƙe mai sauraro a waje har sai ya ƙosa. Lokacin da amshi ya iso, A ta dawo a daidai inda murya ta tsallaka sama, abubuwa biyu suka sauka a kunne lokaci guda. Shi kansa amshin ba wani sabon abu a gamin sautinsa: A, E, F# ƙarami, D, jerin da ɗaruruwan waƙoƙin zamani suka hau. Idan baƙonku yana son ya soki waƙar, ga inda zai kama, kuma da na saurare shi. Amma sai ya fara sanin cewa jerin yana nan.

Sai maganar ɗaukar sauti, inda masu ganin abin da sauƙi suke shan kunya. Waƙa mai ganguna da gita da sauran tarkace tana da wurin ɓoye kuskure. Fiyano da murya kaɗai ba su da shi. Fiyano yana da maɓallai 88 da wayoyi fiye da ɗari biyu, kuma yawancin maɓallai wayoyi uku ne ke ba su sauti ɗaya. Idan ɗaya daga cikin ukun ta ɗan saki, sautin zai riƙa rawa, kuma tunda ana maimaita shi sau ɗaruruwa a waƙar, ba mai iya jurewa. Shi ya sa ake kiran mai saita fiyano kafin a fara ɗauka. Galibi makirufo biyu ake sa wa fiyano, ɗaya wajen wayoyin ƙasa, ɗaya wajen na sama. In ba a auna tazararsu da kyau ba, sautin da ya isa ɗayan zai riƙa cin na ɗayan, kuma ba za a gane ba sai an saurara a ƙaramar rediyo mai sifika ɗaya, a ji fiyanon ya rame. Ga ƙarar feda da ta gudumomin cikin fiyanon, waɗanda makirufo na kusa yake kwashewa. Ga kuma babbar matsala: tsakiyar fiyano da muryar mace idan tana ƙasa wuri ɗaya suke zama, don haka sai mai tacewa ya ɗan rage wa fiyanon ƙiba a wajen hez (ma'aunin kaurin sauti ko sirantarsa) 200 zuwa 500, in ba haka ba kalmomin baiti za su nutse.

Ita muryar kuma tazarar da ke tsakanin raɗar baiti da ƙarfin amshi tana da girma. Idan aka saita sauti don baiti, amshi zai fashe. Idan aka saita don amshi, baiti zai ɓace a mota ko a waya. Raggon injiniya kwamfuresa yake ɗora wa abin ya matse shi gaba ɗaya. Sakamakon shi ne numfashi da motsin leɓe da ƙarar feda duk su taso su yi daidai da waƙa, amshin da ya kamata ya buɗe kuma ya tsaya cak. Abin da ƙwararru ke yi shi ne bin muryar jimla bayan jimla, wani lokaci kalma bayan kalma, ana ɗaga wannan ana sauke wancan da hannu, sannan a sa matsi kaɗan a kai. Mai waƙa kan tsaya kamar santimita 15 zuwa 20 daga makirufo da ragar tare iska a tsakani. Matsowa kusa yana ƙara wa murya kauri, wanda yake da daɗi a raɗa amma yake toshe ta idan an ɗaga. Amsa-kuwwa ma sai da awo: ta yi yawa, mai waƙar ta yi nisa, kusancin da aka gina waƙar a kai ya tafi, ta yi kaɗan, a ji kamar a cikin akwati aka rera. Na'urar gyara karin murya kuwa a irin wannan waƙa haɗari ce, don babu abin da zai rufe sawunta.

Kukan gaske ma ba ya barin a rera waƙa. Mai kuka maƙogwaronsa shaƙewa yake yi, numfashi ya yanke, ba zai iya riƙe sauti ba. Abin da ake ji a rabin amshi na biyu, inda muryar ke sirancewa ta hau can sama kamar za ta tsinke, sauyawa ce daga muryar ƙirji zuwa muryar kai, da gangan. Shaida ita ce a dandali sau da yawa Adele takan rera wannan wurin a ƙasa, da cikakkiyar murya. Kuma aikin yana da tsada a jiki: a ƙarshen 2011 jijiyar muryarta ta zubar da jini, ta soke wasanninta, aka yi mata tiyata a Boston cikin Nuwamba.

A kan yadda aka karɓi waƙar ma kun gajarce mana labari. Kun ce tana fitowa ta mamaye duniya. Ba haka aka yi ba. Adele ta fara rera ta a talbijin a shirin Jools Holland na BBC cikin Nuwamban 2010, kuma bayan fitowar kundin waƙar ta yi ƙasa har ta kai lamba 47 a jadawalin Ingila. Abin da ya juya lamarin shi ne bikin kyaututtukan BRIT na ranar 15 ga Fabrairun 2011 a zauren O2 na Landan, inda a cikin dare mai cike da 'yan rawa da wutar ado Adele ta tsaya ita da mai fiyano kawai. A makon nan waƙar ta tsallaka daga 47 zuwa ta ɗaya, ta yi mako biyar jimla a can, ta zama waƙar da aka fi saye a Ingila a shekarar, sama da kwafi miliyan ɗaya. A Amurka sai da waƙar ta jira har Satumba, bayan Adele ta rera ta a bikin MTV a ƙarshen Agusta, sannan ta tashi daga 19 zuwa ta ɗaya a jadawalin Billboard, ta zama waƙa ta farko mai fiyano da murya kaɗai da ta hau wannan matsayi. Wato sau biyu, a ƙasashe biyu, sai da mutane suka gan ta tana rerawa kai tsaye kafin kasuwa ta motsa. Wannan abin tattaunawa ne, kuma ya fi labarin auren wani bawan Allah amfani.

Masu sharhin jaridu galibi sun yaba mata, da yawa suka ɗauke ta a matsayin ƙololuwar kundin, ko da yake an sami masu ganin 21 ya cika bin hanyar da ba ta da haɗari. A watan Fabrairun 2012 ta ci kyautar Grammy ta rera waƙar zamani ta mutum ɗaya, shekarar da aka fara ba da wannan kyautar, a daren da Adele ta tafi da guda shida. A watan ne jaridar Wall Street Journal ta buga wani sharhi da ya jawo ce-ce-ku-ce, inda aka jingina hawayen masu sauraro da wani ado na kiɗa da ake kira appoggiatura, wato sautin da ke fara gogar gamin da ke ƙasansa kafin ya sauka ya daidaita. An kafa hujja da binciken masanin halayyar ɗan Adam na Birtaniya John Sloboda, wanda ya sami wannan ado a wurare 18 cikin 20 da mutane suka ce suna sa su hawaye. Masana kiɗa suka yi ta jayayya a kan ko abin da muryarta ke yi a amshi ya cancanci wannan suna. Ni ina ganin an ɗora wa ado ɗaya nauyin da ya fi ƙarfinsa, don da shi kaɗai ke kawo hawaye da kowane ɗalibin kiɗa ya yi arziki. Amma ko ba komai muhawara ce a kan waƙar kanta. Har shirin barkwanci na Saturday Night Live sai da ya yi wasa a kan ma'aikatan ofis da ke kunna ta don su sha kuka, alamar cewa tun kafin shekarar 2011 ta ƙare wasu sun fara gajiya da ita. Duk wannan yana nan a rubuce ga mai son shirya shiri.

Tunda na ɗauki alƙalami, ranka ya daɗe, a duba mana ƙarar tallace-tallacenku. Ana cikin sauraron shiri a hankali sai talla ta faɗo kamar an ninka sauti, mutum ya zabura yana neman maɓallin ragewa, idan shirin ya dawo kuma ba a ji. Dalilin sananne ne: masu talla suna matse sautinsu har ƙarshe, ɗakin watsa shirye-shiryenku kuma tsinin sauti yake aunawa maimakon ƙarfin da kunne ke ji. Akwai ma'aunin da gidajen rediyo da talbijin na duniya ke amfani da shi don daidaita wannan, injiniyoyinku sun san shi, umarni kawai suke jira.

Roƙona shi ne a karanta gyara a shiri na gaba, a faɗi wanda ya kaɗa fiyanon da waɗanda suka ɗauki sautin. Kuma idan za a sake sa waƙar, a bar ta ta kai ƙarshe; ranar Asabar mai gabatarwa ya shigo da gaishe-gaishe a daidai amshin ƙarshe, wanda aka koma situdiyo rana ta biyu aka sake ɗauka.

Na gode.

Naku,
Mai sauraronku na kullum