Rahoton ayyukan shekara ga membobin ƙungiyarmu ta rigakafin gobarar daji

Assalamu alaikum ƴan uwa membobi, barkanmu da ganin ƙarshen shekara lafiya. Ga rahoton abin da kwamiti yayi bana, duk wanda yaga an tsallake wani abu don Allah ya ɗaga hannu a mitin ya faɗa.

Yawancin ƙarfinmu bana a zaman tattaunawa da jama'a ya tafi, kuma na san akwai waɗanda suka yi ƙorafi wai magana tayi yawa, gara a fita da adda da manjagara a share ciyawa kowa ya gani da idonsa. Na fahimce ku wallahi, amma ita wuta bata san iyakar filin kowa ba, in ka share naka maƙwabcinka bai share ba to rabin aiki kayi, shi kuma ba zai share ba sai an zauna dashi an ji damuwarsa ya yarda da kansa.

Zaman da yafi zafi shine na ƙunar rigakafi, wato a saka wa busasshiyar ciyawa da ganye wuta da gangan a ranar da iska ta kwanta kuma akwai ɗan laima, don in gobara tazo daga baya ta rasa abin ci. Jami'an gandun daji da ƴan kwana-kwana sun zo sun yi bayani sosai, amma masu ciwon asma da iyaye masu ƙananan yara suka ce su fa hayaƙin ke kwantar dasu, masu dabbobi kuma suka ce abincin dabbobinsu ake ƙonawa, wasu ma tsoronsu kar wutar ta kuɓuce tafi ƙarfin masu ita, kuma gaskiya duk suna da hujja don hakan na faruwa. Sai da muka sake zama kafin aka daidaita cewa ba za a kunna ba sai da takardar izini, sai an share layin da wuta zata tsaya, sai kuma an sanar da unguwa tun da wuri don marasa lafiya su shirya. Ni wannan yarjejeniyar tafi komai faranta min rai bana, saboda waɗanda suka fi adawa da farko sune yanzu ke riƙe da aikin sanarwar.

Mun kuma zaga gida gida kan maganar tartsatsi. Mutane da yawa sun ɗauka sai harshen wuta ya iso jikin bango gida ke kamawa, alhali sau tari tartsatsin da iska ke ɗaukowa daga nesa ne ke faɗawa kan ganyen da ya taru a rufi ko tulin itace ko ya shiga ta ƙofar iska. Shi yasa muke nanatawa, mita 1.5 na farko kewaye da gini kar a bar komai mai cin wuta, daga nan har wajen mita 30 a rage ciyawa a sassabe ƙananan rassa. Masu gidaje a kan tudu su ƙara kula, wuta tafi gudu in tana hawa.

Sai batun ficewa. A watan Yuni 2017 gobara ta kashe mutum 66 a tsakiyar ƙasar Fotugal, da yawansu a cikin motoci suna ƙoƙarin tserewa, a Nuwamba 2018 kuma wadda ta cinye garin Paradise a jihar Kalifoniya ta Amurka ta kashe mutum 85, akasarinsu tsofaffi. Da muka faɗi wannan a taro shiru wurin yayi. Daga nan ne aka yarda kowace unguwa ta san hanyar fita biyu, muka buɗe rajistar tsofaffi da masu buƙata ta musamman da waɗanda basu da abin hawa, da izininsu, kowa an haɗa shi da maƙwabcin da zai ɗauke shi.

Ɓangaren ofis, an sabunta rajistar ƙungiya, an gyara lambobin wayar membobi, bayanan duk wani mitin na cikin fayil ga mai son dubawa. Mun rubuta takardar neman tallafi, muka kafa hujja da rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2022 da yace munanan gobarar daji zasu iya ƙaruwa da kashi 14 cikin ɗari zuwa 2030, kashi 30 zuwa 2050, yana kuma kiran a karkata kuɗi wajen rigakafi da shiri. Muna jiran amsa. Lissafin kuɗi ma'aji zai karanto da kansa.

Inda muka gaza dole a faɗa. Matasa da ƴan haya basu cika zuwa taro ba, laifin harda namu don lokacin aiki muke sakawa. Wasiƙun da muka aika kan rassan da ke taɓa wayoyin lantarki har yanzu ba amsa, abin na damuna ƙwarai.

Baɗi insha Allah zamu maida wasu zaman zuwa yamma da ƙarshen mako, sannan ayi gwajin ficewa a aikace kafin rani ya kama. Muna neman mutum ɗaya daga kowace unguwa da zai riƙe rajistar tsofaffi, mai iyawa ya bada sunansa wajen sakatare.