A Ceto Finafinan Indiya na Zamanin da Ba Murya

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili in ja hankalin masu son finafinan Indiya ga tushen harkar. Kafin fim ɗin Alam Ara ya zo da murya a 1931, an yi finafinai sama da 1,000 a Indiya, da yawansu na takobi ne da sukuwar doki da tsallake katanga, irin waɗanda jarumi Master Vithal ya yi suna da su a kamfanin Sharda. Yau waɗanda suka rage ba su kai 50 ba. Diler Jigar na 1931 na cikin waɗanda suka tsira.

Laifin na zaren fim ɗin ne. Da sinadarin naitret aka yi shi, zafi da laima kuwa maƙiyansa ne: ya fara yin ruwan ɗorawa, ya yi danƙo ya manne, daga baya ya zama gari. In ya kama wuta ruwa ba ya kashe shi. Wasu kuma 'yan kasuwa suka saye suka tatse azurfar da ke jiki. Sai a 1964 aka kafa taskar adana finafinai a Pune.

Masu nuna ragowar kuma su kula. Da hannu ake juya kyamarar, galibi hoto 16 zuwa 20 a daƙiƙa. In aka haska a 24, faɗan takobin sai ya koma kamar wasan yara, alhali jaruman da jikinsu suka yi tsallen nan.

Wassalam,
Mai karatunku daga Kano