Amsa ga mai tambaya kan manhajar da ke mutuwa a Wine alhali RAM na nan birjik

Assalamu alaikum ɗan'uwa,

Ka yi tambaya a bainar jama'a cewa kwamfutarka mai Linux tana da RAM gigabayit 16, amma wata tsohuwar manhajar Windows da kake kunnawa ta Wine (manhajar da ke sa manhajojin Windows su yi aiki a Linux) sai ta mutu da zarar ta doshi gigabayit 2. Kana tunanin ƙaro RAM. Don Allah kada ka kashe kuɗinka a nan.

Fara da umarnin file a kan fayil ɗin exe. In ya ce PE32, ba PE32+ ba, to manhajar mai bit 32 ce, adireshin ƙwaƙwalwa da take iya gani duka-duka gigabayit 4 ne. A ƙa'idar Windows rabi kawai ake sakar mata, Wine kuma da gangan yake bin wannan ƙa'ida, sai fa in fayil ɗin na ɗauke da alamar LARGEADDRESSAWARE.

Rabin ma ba nata ba ne ita kaɗai. Duk DLL (fayil ɗin taimako da manhaja ke dogaro da shi) ɗin da aka loda, har da na DXVK mai fassara umarnin zane, a ciki yake zaune, kowanne ya tsinka filin. Manhaja ta nemi megabayit 300 a dunƙule, sarari na nan amma gutsi-gutsi, sai a ce mata babu. Shi ya sa take faɗuwa tun ba ta cika 2 ɗin ba.

Ka ajiye kwafin exe ɗin tukuna, sannan ka sa masa alamar da editbin /LARGEADDRESSAWARE, wanda ke zuwa da Visual Studio. A tsarin bit 64 za ta samu kusan gigabayit 4. Proton, wato nau'in Wine da Steam ke kunna wasanni da shi, kan kunna wannan da kansa. Amma ka gwada ta sosai, domin wasu tsofaffin manhajoji na ɗaukar adireshin da ya haura gigabayit 2 a matsayin lambar da ke ƙasa da sifili, sai lissafinsu ya rikice.

In kuwa PE32+ ya nuna, wani shingen ne daban. Linux na ƙayyade yawan yankunan ƙwaƙwalwa da manhaja ɗaya za ta riƙe, asalin adadin 65530. Tana cikin aiki, ka ƙirga layukan /proc/PID/maps da wc -l, ka sa lambar aikin manhajar a madadin PID. In sun kusa adadin, ka rubuta sudo sysctl -w vm.max_map_count=1048576, adadin da Fedora, wani nau'in Linux, ta koma kansa tun fitowa ta 39. Ka sa saitin a fayil cikin /etc/sysctl.d, in ba haka ba kana kashe kwamfutar zai goge.

Wassalam.