Gaisuwar Sallah daga ƙasar da ke tsagewa biyu

Zuwa ga Baba da Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kun yi Sallah lafiya, Allah Ya maimaita mana, na rubuto ne domin in kwantar wa Inna da hankali game da hotunan aman wuta na nan Ayislan da aka nuna mata a waya. Garin Grindavik, wanda aka kwashe mutanensa a watan Nuwamba na 2023, yana da nisan kimanin kilomita 50 daga babban birnin da nake zaune, kuma wutar ba ta taɓa kusantarmu ba.

Dalilin wannan wuta shi ne ɓawon duniya ba a dunƙule yake ba. A tsattsage yake kamar ƙwaryar da ta fashe, kuma kowane gutsure, wanda masana ke kira faranti, yana tafiya sannu a kan dutse mai tsananin zafi da ke ƙarƙashinsa. Ayislan tana zaune ne daidai kan mahaɗar faranti biyu, na Arewacin Amurka da wanda ke ɗauke da Turai da Asiya, waɗanda ke ja da baya daga juna da kimanin santimita 2 a shekara, tafiyar da ba ta kai saurin tsiron farce ba. Duk inda suka buɗe, narkakken dutse ne ke tasowa ya cike gurbin. A kwarin Thingvellir na bi ta cikin wata tsaga, katangar baƙin dutse ta fi ni tsawo ninki-ninki, na dafa ta da hannuna na ji sanyinta, alhali da wuta aka yi ta. Hatta ruwan zafin famfon ɗakina daga cikin ƙasa yake fitowa, da ɗan warin farar wuta kamar na ƙwai da ya lalace, kuma da shi ake ɗumama yawancin gidajen ƙasar.

A wasu wuraren kuwa karo farantan suke yi. Tun kimanin shekara miliyan 50 da suka wuce Indiya take tura Asiya, abin da ya tayar da tsaunukan Himalaya, har a ƙololuwar Everest ana samun dutsen da asalinsa ƙasan teku ne. Inda suke gogar juna gefe da gefe, girgizar ƙasa ake yi, irin wadda ta auka wa Turkiyya da Siriya ranar 6 ga Fabrairu, 2023.

Baba, kai da kake son taswira, ka dubi gaɓar Birazil ka ga yadda take shiga lungun Tekun Gini kamar an yanka su da wuƙa ɗaya. Wani masanin kimiyya Bajamushe, Alfred Wegener, ya kafa hujja da irin wannan a 1912, ya ce nahiyoyi a haɗe suke a da. Aka yi masa dariya, ya rasu a 1930, sai a shekarun 1960 binciken ƙasan teku ya gaskata shi. Lokacin da Afirka ke rabuwa da Kudancin Amurka, wata tsaga ta kutsa cikin ƙasa amma ba ta ƙarasa zama teku ba, kuma a cikinta Kogin Binuwai yake gudana a yau.

A gaishe mini da ƙannena duka, kuma ina roƙon ku ci gaba da sa ni a addu'a.

Ɗanku mai biyayya.