Rahoton Ayyukan Shekara: Ƙungiyarmu da Titin Kewaye na Yammacin Kano

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayenmu dattawa, masu unguwanni, iyaye mata da sauran 'yan uwa membobi, ga bayanin abin da kwamitin gudanarwa ya yi a shekarar da ta ƙare. Lissafin kuɗi yana hannun ma'aji, shi zai karanta shi ranar babban taro, don haka ba zan taɓo shi a nan ba.

Kusan duk zirga-zirgarmu ta bana a kan titi ta ƙare. Saboda sababbin membobi, bari in ɗan koma baya. Tun 2007 gwamnatin tarayya ta ba da kwangilar titin kewaye na yamma, mai tsawon kilomita 26 da ɗoriya. Ya tashi daga titin Zariya wajen Na'ibawa, ya ratsa ƙasar Kumbotso, ya ƙetare titin Gwarzo, ya ɓulla Dawanau a kan titin Katsina. Manufar ita ce tirelar da ta taso daga Legas ko Kaduna za ta Katsina, Jibiya ko Maraɗi, da wadda ta yi lodin riɗi da wake a kasuwar Dawanau za ta Kudu, su wuce abinsu ba tare da sun kutsa cikin gari ba. Tun da aka buɗe tashar tsandauri ta Dala, wato tashar lodi da sauke kwantenoni ta kan tudu, a Zawaciki a 2023 kuwa, nauyin da ke jiran wannan titi ya ƙaru. Sai dai aikin ya ja shekaru, gari kuma bai tsaya jiransa ba. Gonakin da aka zana titin a cikinsu, da yawa yau gidaje ne.

Wannan ya kawo mu ga babban ciwon kanmu, wato awon igiya. Mai gona ya sayar, dillali ya kira yara biyu da igiya da turaku, kafin la'asar gona ta zama fulotai, ba filin makaranta, ba na maƙabarta, ba hanyar ruwa. Mafi muni shi ne yankan da ake yi a bakin kwalta, ana cewa mai saye ya samu wurin shago. Titin na tarayya ne, kuma doka ta keɓe masa mita 45.72 daga tsakiyarsa zuwa kowane gefe. Duk abin da aka gina a cikin wannan fili, ran da katafila ta zo ba mai ceton sa. Da rani muka fita da wani ɗan ƙungiya mai aikin safiyo, wanda ya yi mana kyauta, Allah ya saka masa. Muka bi gefen da ya shafi unguwanninmu muna awo, muna nuna wa jama'a iyaka. A wani wuri muka tarar da wani bawan Allah ya kai gini linta, takardarsa kuwa fallen littafin makaranta ce, da sa hannun dillali da shaidu biyu. Rabin falonsa a cikin filin titi yake. Ya zauna a kan bulo ya yi shiru, mu ma muka rasa abin ce masa.

Bayan wannan fitar ne kwamiti ya kai gaisuwa wurin dagatai da masu unguwanni, muka roƙi kada su sa hannu a cinikin duk filin da ke bakin titi sai an auna. Galibinsu sun karɓe mu hannu bibbiyu. Limamai ma sun taimaka da sanarwa bayan sallar Juma'a. Wasu dillalai sun ji haushinmu, har ana cewa muna toshe wa mutane hanyar abinci. A ganina gara fushin dillali da kukan marayun da za a rushe wa gida. Wanda ke shakka ya je ya dubi titin kewaye na gabas, daga Na'ibawa ta Hotoro zuwa titin Haɗeja. Shi ma don kauce wa gari aka yi shi, amma yau gareji, rumfuna, gidajen mai da tankokin da ke kwana a gefe sun mai da shi titin cikin gari. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Batu na biyu shi ne diyya. Mun shirya zama, wani lauya daga cikinmu ya warware mana dokar filaye ta 1978 da Hausa. Abin da ya fi ba mutane mamaki shi ne jin cewa ƙasa tana hannun gwamna ne a matsayin amana, kuma idan aka karɓi fili don amfanin jama'a, abin da ke kansa ake ƙiyastawa: gini, rijiya, shuka, da itatuwa masu amfani irin su mangwaro, ɗorawa da kuka. Don haka muka buɗe rijista, muna taimaka wa membobi su haɗa takardun ciniki, hotunan gini da ƙidayar itatuwa. Gonakin gado ne suka fi ba mu wuya. Gona tana da sunan kaka, ba a raba ba, magada sun watsu, wasu mata ma ba a sanar da su komai. Irin waɗannan mun tura su ga malamai da kotun shari'a a raba tukuna. Akwai membobin da ke cewa har yau haƙƙinsu bai fito ba. Mun rubuta takarda a madadinsu, muna kuma bibiya.

Kafin damina mun yi aikin gayya, matasa suka yashe kwalbatoci da lambatu. An ɗaga titin sama da unguwannin da ke gefensa, saboda haka da zarar kwalbati ta cushe da leda da yashi, ruwa cikin gidaje yake komawa. Iyaye mata suka kawo kunu da ƙosai, mun gode. Kududdufan da aka bari inda aka ɗebi jar ƙasa kuwa suna nan, da sun cika yara ke mai da su wurin wanka. Mun kafa alluna, mun sa 'yan sintiri su riƙa leƙawa, amma cike su ya fi ƙarfin aljihun ƙungiya.

Abin da bai yiwu ba bana shi ne wurin tsallakawa. Makaranta da Islamiyya suna wannan gefe, gidajen yara da yawa suna wancan, ga makiyaya da titin ya datse musu burtali. Mun nemi gadar masu tafiya a ƙafa da alamun rage gudu, an karɓi takardarmu, shiru har yanzu. A halin da ake ciki wasu dattawa biyu ne ke tsayawa safe da rana suna tsallakar da yara, ba ko sisi. Kwamiti na ba da shawarar a yanka musu ɗan ihsani duk wata, idan taro ya amince. Hakan kuwa ba zai yiwu ba matuƙar kuɗin wata na tafiyar hawainiya kamar yadda ya yi bana.

A shekara mai kamawa muna son kammala awon sauran gefen da ba mu kai ba, mu nemi hukumar tsara birane ta fitar da taswirar unguwanninmu kafin sauran gonakin su ƙare, mu kuma tuntuɓi 'yan uwanmu na wajen Ungogo, tunda maganar titin kewaye na arewa ta taso, su fara shiri da wuri. Babban taro yana nan Asabar ta farko bayan ƙaramar Sallah, da hantsi, a inda muka saba. Duk mai fili a bakin titi ya zo da kwafin takardarsa.

Wassalam.
Sakataren ƙungiya, a madadin kwamitin gudanarwa