Zuwa ga kamfanin yawon buɗe ido da ya kai mu Lokoja: mahaifiyata ba ta cancanci wannan magana ba

Ranka ya daɗe Manaja,

Assalamu alaikum.

Ranar Alhamis 14 ga Nuwamba, da ƙarfe 11:20 na safe, ka ɗaga wayata bayan na shafe makonni ina bugawa tana ta ƙara ba amsa. Ban gama gabatar da kaina ba ka ce: "Malam, ai ku kuka ji tsoro. Jirgi ya zo, wasu sun shiga sun dawo lafiya. Da kun bar tsohuwar a gida da ba a yi haka ba." Sai ka kashe. Tsohuwar nan da kake faɗi mahaifiyata ce, kuma tana zaune kusa da ni ta ji da kunnenta. Shi ya sa na fito da maganar fili, tunda a ɓoye abin da na samu ke nan.

A farkon Oktoba na zo ofishinku a nan Kaduna na biya Naira 600,000 na mutum biyar: ni, Hajiya mahaifiyata, maiɗakina da yaranmu biyu. Rasit ɗinku yana hannuna. An ware Naira 25,000 a kan kowane mutum, wato 125,000, don "yawon jirgin ruwa zuwa mahaɗar koguna". Yarinyar da ke kan tebur ta nuna mini hoton jirgi mai inji da rumfa da kujeru, ta ce kowa zai samu rigar kariya, har da ta yara. Sau biyu na tambaye ta batun na yaran.

Ba don nishaɗi kawai na tara kuɗin nan ba. Hajiya ta yi shekara talatin da ɗoriya tana koyarwa a firamare a Tudun Wada. Ta sha zana wa ɗalibai a allo yadda Kwara (wato Neja) da Binuwai suka haɗu a Lokoja, tana nuna musu farar alamar nan mai kama da Y a tambarin Najeriya, ta ce kogunan biyu ne. Ba ta taɓa ganin wurin da idonta ba. Na yi mata alkawari, na jira damina ta ɗauke.

Mun tashi Juma'a 18 ga Oktoba. Motar ta makara, ta kuma lalace a wani wuri bayan Abaji, ban ma riƙe awa nawa muka yi a gefen titi ba. Masauki ba shi ne na hoto ba. Duk wannan na yafe. Da muka hau gadar Jamata gab da magariba, Hajiya ta leƙa ta taga ta ga faɗin ruwan, ta yi ta tasbihi. A raina na ce gajiyar ta biya.

Asabar 19 ga wata kuka ce ƙarfe 9 jirgi zai tashi. Tun 8:30 muna bakin ruwa, mu goma sha takwas. Muka yi azahar a wurin, muka yi la'asar a wurin. Jagoran da kuka haɗa mu da shi sai ya koma gefe da waya a kunne, ya dawo ya ce "yanzun nan". Ƙarfe 4:40 abin da ya iso kwale-kwalen katako ne da aka ɗaura wa inji a baya. Babu rumfa. Wani yaro na tsugune a tsakiya yana kwashe ruwa da rabin jarka. Ruwan kogin ya cika taf, ja-wur, yana jan ciyayi da guntayen itace da gudu. Rigunan kariya huɗu na ƙirga, ɗaya igiyarta a tsinke, an ɗaure da leda. Ta yara ko ɗaya babu.

Na tambayi jagoranku ina sauran. Ya ce, "Alhaji, Allah ne ke tsarewa." Hajiya ta dube shi ta ce, "Ɗana, gaskiya ne, amma sai an ɗaure raƙumi ake dogara." Ta riƙe hannun jikokinta ta ja baya. Wannan shi ne laifin da ka kira tsoro.

A ranar, ko mako uku ba a yi ba da kifewar jirgin Gbajibo a ƙaramar hukumar Mokwa, daren 1 ga Oktoba 2024, wanda ya ɗauko kimanin mutum 300, galibi mata da yara masu halartar Maulidi. A Yunin 2023 fiye da mutum 100 suka rasu a yankin Patigi suna dawowa daga ɗaurin aure. Duk a kan kogin nan ɗaya. Mu ma 'yan Kaduna ba baƙin ruwa ba ne. Mun san abin da kogimmu yake yi wa mutanen Kigo Road idan ya tumbatsa, kuma shi ne ke gangarawa ya zuba a Neja daura da Patigi ɗin. Abin da ya fi ƙona mini rai, hedkwatar hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa a Lokoja take, ita ce ta hana shiga jirgi ba rigar kariya, ta hana tafiyar dare. Waɗanda suka shiga kwale-kwalen nan sai bayan an idar da magariba suka dawo, da hasken tocilan waya. Wata baiwar Allah ta sauko ƙafafunta na rawa, ta zauna a ƙasa ta fashe da kuka. Kai kuwa "sun dawo lafiya" kake kira.

Da muka dawo na zo ofis ranar 22 ga Oktoba, aka ce ka yi tafiya. Na sake zuwa, aka ce akanta ba ya nan. Na tura saƙo ta WhatsApp da hoton rigunan, an karanta, shiru.

Ina neman Naira 125,000 ɗina cif, kafin ƙarshen wannan wata. Ina neman takardar ban haƙuri da sa hannunka, da sunan mahaifiyata, ba nawa ba. Sannan ku cire hoton jirgin nan daga shafinku na Facebook, domin jiya na gan shi, kuna tallan wata tafiyar ta Disamba da shi, har da ragi ga 'yan makaranta. Ku kun san ba ku da wannan jirgi. Sai kun tara kuɗin mutane, kun kai su kilomita ɗaruruwa daga gida inda ja da baya ke da wuya, sannan ku nemo duk abin da ya fi araha a bakin ruwa ku zuba su ciki. Ranar da za a ce motar 'yan makaranta ce kuka sauke a wurin nan, wace uwa ce za ta ja su baya?

Idan wata ya ƙare ban ji daga gare ku ba, rasit da hotuna da wannan wasiƙa za su tafi ofishin NIWA da hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC. Mutum shida daga cikin waɗanda muka tsaya tare a bakin ruwan sun riga sun ba ni lambobinsu, sun ce a sa sunansu.

Wassalam,
Wani abokin cinikinku daga Unguwar Sanusi, Kaduna