Abbana, duk mutanen da ka zaɓa suna kabari

Assalamu alaikum Abbana. Muna lafiya, sanyin Jos ne dai ya hana ni sakat, ƙafar nan ta sake tashi.

Ƙanwarka ce ta nuna min abin da ka sa a WhatsApp, kar ka yi mata faɗa, ni na matsa mata. Wai gwarazan soja uku da ka fi so, Maimalari, Murtala, sai Abu Ali da ka sa hotonsa babba har ka rubuta wai kana son ka bi sawunsa. Mamanka ta ga wannan rubutun ta ajiye tuwo a gabanta har ya huce ba ta taɓa ba.

Ba na musu da kai, maza ne. Abu Ali kam ko maƙiyinsa ya san shi, shi da tankokinsa aka ƙwato Baga a Fabrairun 2015, Buratai, shugaban sojan ƙasa na lokacin, da kansa ya je Gamboru Ngala ya liƙa masa laftanar kanar a filin daga. To amma ka ƙarasa labarin mana. 4 ga Nuwamba 2016 aka kashe shi a Malam Fatori, yana da shekara 36, aka kawo shi maƙabartar sojoji a Abuja cikin tuta, ya bar mata da ƙananan yara. Birgediya Maimalari 15 ga Janairu 1966, sojojin da ke sara masa ne suka harbe shi a Legas. Murtala aka kashe shi 13 ga Fabrairu 1976, yana da shekara 37. Kai a duk rundunar nan ba ka ga mutum ɗaya da ya tsufa ya ga jikokinsa ba? Ko sai an mutu ake zama gwarzo a wurinka?

Kuma yanzu Maiduguri za su tura ka, barikin ma sunan Maimalari ne da shi, ka ce kar hankalina ya tashi.

Ni na yi yaƙin Saliyo a 1998 lokacin da kwamandanmu Maxwell Khobe ya ja mu muka fatattaki su Johnny Paul Koroma daga Freetown, yau sunansa ne a ƙofar barikin Rukuba a nan Jos, duk sanda na wuce sai na sara a zuciyata. Amma in ni aka tambaya, sajan ɗinmu zan zaɓa, wani ɗan tsoho mai yawan mita, kullum sai ya duba bindigar kowa da gorar ruwansa, ya ƙirga mu da yatsa kamar awaki kafin magariba, muna jin haushinsa wallahi. Ba bariki da sunansa ko titi. Ya dawo da mu gida, a kan gadonsa ya rasu.

Na san za ka ce ni na sa maka hannu a fom ɗin NDA, makarantar horar da hafsoshin soja, Mamanka ma abin da take goranta min kenan tun shekaranjiya. E ni na sa, da ban sa ba da ta bayan gida za ka bi kamar yadda ka yi wancan karon. Kaki na yarda ka sa, ban ce ka je kana neman suna da ranka ba, wannan wauta ce Abba, kuma ka cire rubutun nan yau ɗin nan.

Hoton ka bar shi, ka riƙa yi masa addu'a. Ka kula da yaran da za a ba ka, ka ji maganar sajan ɗinka ko da kai ne mai tauraro a kafaɗa. Kilishi da yaji suna wurin direban da zai taso jibi daga tashar Bauchi Road. Ka kira Mamanka da daddare, kar ka ce mata na rubuto.

Babanka.